Shekarar da Aka Ce Jiƙona Ya Kashe Inna Kulu

Da jikata Nafisa ta dawo daga bikin da aka yi a ƙauyen babanku, sai ta zauna a bakin gadona tana ta murza gefen mayafinta. Ba ta ba ni labarin amarya ba, ba ta ba ni na kowa ba. Sai da na matsa mata sannan ta faɗa. Wai wani yaro ne ya roƙe ta abin sha, ta zuba masa karkade, zoɓo ke nan, kafin ya kai baki uwarsa ta fizge kofin, ta juya ga ta kusa da ita ta ce, "Jikar mai jiƙo ce." Da Larabci ta faɗa, don kada yarinyar ta kasa ji. Nafisar da uwarta ma tana goye a bayana lokacin da abin ya faru. Ashe maganar tana nan da ranta, ta binne waɗanda suka ƙirƙire ta, ta kama hanyar jikoki. To, na yi shiru iya shiru. Babanku ne ya roƙe ni, na kuwa riƙe masa har ya koma ga Allah. Yanzu ku ji daga bakin wadda aka yi wa.

Daga bakin kogi aka kawo ni, can gefen Sinnar, kuma a wannan ƙauye da ke kudu da Hajj Abdalla ba ni da kowa sai mijin da aka ba ni. Gidan a hannun mutum biyu yake. Yaya Bello, wan babanku, shi ke riƙe da hawasha, gonar ban-ruwa da mahaifinsu ya bari, shi ke cewa yau a shuka, gobe a buɗe ruwa daga tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. Cikin gida kuwa na uwarsu ne, Inna Kulu. Akwai kuma ƙanwarsu Rabi, tana aure a bayan masallaci, amma ƙafarta ta fi sanin gidanmu da nata. Ba zan yi muku ƙarya in ce Inna Kulu ta rungume ni da na zo ba. Mace ce mai kaifin baki. Kisrata, wainar dawan nan mai faɗi, ta yi kauri, miyata ta yi ruwa, sharata ba ta kai lungu ba. Ba ta kiran sunana, sai dai "'yar bakin kogi". Amma ba ta taɓa cin namana a bayan ido ba. Abin da za ta faɗa a fuskata take faɗa, in ta gama ta gama. Sai daga baya na gane irin wannan mutum tsada gare shi.

Ciwon ya fara mata bayan an yanke dawa. Abinci ya ƙi zama a cikinta. Tuwo ya dawo, kisra ta dawo, har kunu ya fara dawowa. Da ta soma ramewa, Yaya Bello ya sa ta a lori ya kai ta asibiti a Madani, su biyu kaɗai, don babanku yana gona. Da suka dawo ya tara mu a tsakar gida ya ce likita ya ce gyambon ciki ne, ta sha magani ta huta, za ta tashi. Ya miƙa mini ƙwayoyin ya ce ni zan riƙa ba ta. Matarsa tana da tsohon ciki, Rabi tana da gidanta, don haka jinya ta faɗo kaina ba tare da kowa ya yi shawara da ni ba. Ni ke juya ta, ni ke wanke zannuwanta, ni ke riƙe mata ƙwarya in amai ya taso. Ƙwayoyin kuwa na ba ta yadda aka ce, ban tsallake ko ɗaya ba, amma kamar ana zuba ruwa a rairayi.

Wata rana da hantsi ta amayar da ɗan kunun da na lallaɓa ta sha, ta koma ta kwanta tana lasar leɓe, sun bushe sun tsage. Ta ce bakinta ɗaci yake kamar ta tauna maɗaciya. Sai na tuna uwata. Mu a gidanmu in mutum ya kwanta ba a barin bakinsa haka. Na je na jiƙa tsamiya, na tace, na sa ɗan sukari, na matsa lemun tsami kaɗan. Na kurɓa na ji, sannan na tallafe kanta. Ta sha, ta tsaya tana jira ta ga ko zai dawo. Bai dawo ba.

"Tsamin ya yi yawa," in ji ta. "Gobe ki rage."

Daga ranar ke nan. Kullum sai na kawo mata wani abu ta ɗanɗana, ita kuma ta yanke masa hukunci kamar alƙali. Garin 'ya'yan kuka da na dama da ruwan randa, ta ce wannan mutumin kirki ne, yana kwantar da ciki. Karkade mai sanyi, ta ce ya cika surutu amma a bar shi ya riƙa zuwa. Hulba da madara, ta ture ta ce ita ba mai jego ba ce. Na'ana'a da citta da safe in sanyi ya kama ta, ganyen gwaiba in ciki ya murɗa, guddaim, 'ya'yan nan ƙanana jajaye da ake jiƙa wa wanda jininsa ya yi ƙasa. Ranar da na dafa mata harjal, ganyen nan mai ɗaci da Larabawa ke sha don ciki, ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce ya yi kama da gaisuwar Rabi da sassafe. Rabi na zaune a wurin, ta yi dariya tare da mu. Ku riƙe wannan. Rabi ta ga yadda nake yi ba sau ɗaya ba. Duk abin da zan ba Inna sai na fara kurɓa a kofin, ba don tsoron komai ba, don in ji zafinsa da zaƙinsa. Sau da yawa ma Rabi ke shanye ragowar.

Ban taɓa cewa magani nake ba ta ba. Ban taɓa hana ta ƙwaya don jiƙo ba. Na dai ga tsohuwa da duniya ta ƙwace mata komai, ta hana ta tafiya, ta hana ta tuwo, ta hana ta faɗan da ta saba, sai harshenta kaɗai ya rage mata, na ce bari in ba harshen nan abin yi. Ranar da na jiƙa mata goruba ta daɗe tana riƙe da ruwan a baki kafin ta haɗiye. Sai ta fara ba ni labarin da ban taɓa jin ta ba kowa ba, yadda aka taso da ita daga yamma tana ƙarama, a kan jaki, mahaifinta da niyyar Makka, yadda guzuri ya ƙare a hanya suka rayu da goruba da aduwa, har suka tsaya a nan ƙasar Jazira don su yi aikin auduga na shekara guda su wuce, shekarar da ba ta ƙare ba har yau. Ta ce ɗanɗanon nan shi ne ɗanɗanon bayan uwarta. Ranar ce ta fara kiran sunana.

Lokacin tsinkar auduga ya zo, gari ya watse gona, babba da yaro. Gida ya zama daga ni sai ita sai ke, Saude, a bayana. Na fito da ita inuwar rumfa don ta sha iska, ina tace mata kuka, sai ta ce:

"Dije, aje wanga ki zo nan."

Na zo na durƙusa.

"Ba gyambo ba ne. Likitan ya faɗa wa Bello a gabana. Sun ɗauka ba ni jin Larabci. Ni da na tsufa ina sai da ƙuli-ƙuli a kasuwar Hajj Abdalla, da wane baki nake ciniki? Ya ce ciwon daji ne, ya ci ciki. Ya ce in ana so a kai ni Khartoum a gwada, wataƙila a ƙara mini kwana, wataƙila a'a. Bello ya ce sai bayan auduga."

Na miƙe tsaye. Na ce yau ɗin nan zan faɗa wa babanku, a nemi mota.

"Ba za ki faɗa ba," in ji ta. "Ba ni jin haushin Bello. Ni ma ba ni son Khartoum, in mutu cikin baƙi. Kuma ba ni son Rabi ta zauna tana mini kuka ina ji. Ki bar ni in sha abina cikin kwanciyar rai. In na tafi, bakinki naki ne."

Na yi mata alkawari. Na kuwa cika.

Ba ta kai ƙarshen auduga ba. Da safiyar ranar ta yi aman jini, abin da ta riga ta fara yi a kwanakin. Rabi ta zo ta tarar da ƙwaryar ban kai ga zubarwa ba. Da Inna ta ɗan farfaɗo ta nuna bakinta, na kawo mata jiƙon guddaim, ta jiƙa leɓe kawai, na ajiye kofin a gefen gado. Kafin azahar ta cika, kanta a kan cinyata. Ni na rufe mata ido.

Ban san lokacin da maganar ta fara ba, don ni ina can bakin murhu ina hidimar masu zaman makoki. Na dai lura in na shigo ana yin shiru. Washegari na ɗauko faranti cike da kofunan shayi na shiga cikin mata. Ta farko ta ce ta ƙoshi. Ta biyu ta kau da kai. Ta uku, wadda na yi wa wankan jego da hannuna, ta ja ɗanta ta rungume. Ina tsaye da faranti kamar wadda ta ɓata hanya, sai Rabi ta miƙe ta doke shi, kofuna suka tarwatse, shayi ya ƙona mini ƙafa.

"Uwata ba ta ishe ki ba?" in ji ta. "Ja a kofi, ja a ƙwarya. Gyambo kawai likita ya ce. Gyambo na kashe mutum haka? Mun san ku, mutanen bakin kogi, mun san saiwoyinku."

Mata cike da tsakar gida, babu wadda ta ce mata kul. Matan da suka riƙa aiko yara in jiƙa musu tsamiya in zazzaɓi ya kama su.

Bayan sadakar bakwai aka kira ni zaure. Liman yana zaune, Yaya Bello a damansa, babanku a gefe, Rabi a bayan ƙofa. An ajiye Alƙur'ani a kan buzu. Liman ya ce don a kashe fitina, in yi alwala in dafa in rantse ban sa wa marigayiya komai ba. A raina na ce alhamdu lillahi, yau magana ta ƙare, tunda ga wanda ya san gaskiya a zaune. Na ce:

"Malam, zan rantse. Amma Yaya ya fara dafawa ya faɗi abin da likita ya gaya masa a Madani. Inna ta ji da kunnenta, ta kuma faɗa mini. Ciwon daji ne. An ce a kai ta Khartoum, ya ce sai bayan auduga."

Babanku ya ɗago kai ya dubi wansa. Ni ma shi nake kallo. Kalma ɗaya nake jira, kalmar da ba za ta rage shi da komai ba sai ɗan jin kunya na kwana kaɗan, tunda mai abin ma ta yafe masa, na kuma faɗi haka a wurin. Yaya Bello ya gyara zama, ya shafa gemu, ya dubi tabarma.

"Ni abin da na ji gyambo ne," in ji shi. "Game da ita kuwa, ban ce ta yi ba, ban ce ba ta yi ba. Allah ne masani."

Ban ce ta yi ba, ban ce ba ta yi ba. Shekaru sun wuce, haƙorana sun zube, amma in na tuna wannan magana sai in ji ɗacinta a maƙogwaro. Rabi ta yi mini ƙazafi, amma Rabi uwarta ta mutu, an kuma yi mata ƙarya tun farko, baƙin ciki ya rufe mata ido ta nemi wanda za ta kama. Shi kuwa idonsa biyu. Ya auna ya ga in ya faɗi gaskiya gari zai ce Bello ya zaɓi auduga ya bar uwarsa. Ya duba ya ga baƙuwa, ba uba a kusa, ba wa, ba ƙane. Sai ya ɗauke sunansa ya ajiye a inuwa, ya jefa nawa cikin tur'a.

Liman ya ce ba a sa babba rantsuwa a kan maganar mace, in dafa kawai a tashi. Na ce ba zan dafa ba. Ba ni ce mai ɓoye magana a zauren nan ba, kuma ba zan ɗauki littafin Allah in wanke laifin da wanda ya san babu shi ya ƙi buɗe baki a kansa ba. Na tashi na fita. Na san abin da za a ce, an kuwa faɗa kafin in kai ɗakina: ta ji tsoron Alƙur'ani. Ko yau aka mai da ni zauren, abin da zan yi ke nan.

Babanku ya yarda da ni, wannan kada ku yi shakka. Ya shigo ya zauna ya riƙe kai, ya ce ya san wansa, ya ga fuskarsa. Amma ya ce in yi haƙuri, wa uba ne, magana iska ce za ta wuce. Ba ta wuce ba. Matar Yaya Bello ta raba tukunya. In na je ɗiban ruwa mata su janye tulunansu. An hana yara cin abinci da ku. Na haɗiye duk wannan har zuwa ranar da kai, Sani, zazzaɓi ya kama ka. Na kai ka wurin mai allura aka yi maka, na dawo na jiƙa maka tsamiya don bakinka ya yi daɗi. Na zaga bayan gida, na dawo ban gan ka ba. Rabi ta shigo ta ɗauke ka ta kai gidanta, tana gaya wa mutane a hanya wai gara ta tsame ɗan wanta kafin a gama da shi. Ɗan da na haifa. Na bi ta ko mayafi babu, na shiga ɗakinta na ɗauko ka, ban ce mata uffan ba, don da na buɗe baki da hannu zai biyo baya. Da gari ya waye na ɗaure kayana, na goya Saude, na riƙe hannunka, muka shiga motar Managil, inda wata goggona take. Na gaya wa babanku inda za ni. Na ce ban ce ya sake ni ba, ban ce ya biyo ni ba, amma ba zan ƙara kwana a garin da ake tsare ɗana daga hannuna ba.

Ya biyo mu bayan an gama aikin shekara. Yaya Bello ya ce masa wanda ya bar hawasha ya bar rabonsa, haka kuwa aka yi. Mutumin da ya tashi a gonar ubansa ya koma yi wa wasu ƙwadago, daga baya ya koma tallar ruwa da amalanken jaki. Bai taɓa goranta mini ba, amma in lokacin buɗe ruwa ya yi sai in ga yana tsaye yana kallon gabas. Ku kuma kuka tashi cikin Larabawa, Hausa ta yi muku nauyi a baki, jikokina ma sai an fassara musu ni. Wannan duk kuɗin shirun mutum ɗaya ne, kuma mu muka biya. Ni kuwa na kafa murhu da 'yan kujeru kusa da tashar mota, ina sai da shayi da karkade da tsamiya da kuka. Direbobi, 'yan kasuwa, masu dawowa daga asibiti da baki mai ɗaci, duk daga hannuna suka sha, shekara da shekaru, ba wanda ko ciki ya taɓa murɗa wa.

A nan Yaya Bello ya same ni, bayan babanku ya rasu da 'yan shekaru. Ya tsufa, ciwon sukari ya cinye shi, yana dogara sanda. Ba ɓatan hanya ya yi ba, ya san inda nake tun da daɗewa. Ya zauna a kujerar da ke gabana. Na gaishe shi kamar yadda ake gaida wan miji, don ba a gidan banza aka haife ni ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, yara, zafi, tsadar rayuwa, sannan ya rage murya.

"Dije, kwana ya ƙare. Ki yafe mini."

"Me zan yafe, Yaya?"

"Kin sani."

"Na sani. Gari ne bai sani ba. Ka koma zauren nan, ka tara su, a kira Rabi, ka faɗi abin da likita ya ce. Ranar da ka faɗa, ka aiko, ni da ƙafata zan zo in yafe maka a gaban kowa."

Ya kau da kai. Ya ce abin ya daɗe, tone-tone ba shi da amfani, yana da surukai yanzu, yana da jikoki. Na ce ni ma ina da su. Ya share gumi da hannun riga. Leɓunansa sun bushe sun tsage, irin na masu ciwon nan. Ya dubi tukunyar da na rufe da jiƙaƙƙen buhu ya ce ko akwai karkade marar sukari.

Na zuba masa, ja wur, na miƙa. Ina kallonsa. Ya karɓa ya kafa kai ya shanye tas. Bai shinshina ba, bai leƙa cikin kofin ba. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi. Hannunki na nan yadda yake." Mutumin da ya bar gari guda ya yarda na kashe uwarsa da abin sha. Ko na sa'a ɗaya bai taɓa zargina ba, ya dai bar ni a ciki ne kawai.

Ya rasu kafin damina ta fita, bai tara kowa ba. Mutane suna ce mini ba a riƙe matacce. Na yafe masa hawasha, don babanku ya yafe. Na yafe masa Khartoum, don mai abin ta yafe tun tana numfashi. Kofin nan ne ban yafe ba, kuma ranar da aka tsai da mu gaban Allah, da shi zan fara.